Kaji Ɗari da Barcin Awa Bakwai

Litinin, 27 ga Janairu, 2025

Yau na biya kuɗin 'yan tsaki ɗari, burola. Za su iso ranar 11 ga Fabrairu in Allah ya yarda. Na ƙirga da yatsa: daga ranar zuwa jajiberin ƙaramar Sallah kwana 46 ne ko 47, daidai lokacin da kowane gida a Kano yake neman kazar da za ta cika tukunya.

Mai shagon ya san ni. Ya ce, "Malam, ɗari kacal? Kai da ka taɓa ɗaukar dubu da ɗari biyar?" Na yi dariya na ce masa wancan ma ba ni ba ne. Ya ɗauka raha nake yi.

Ina da ciwon da likitoci suke kira baifola. Wani lokaci ƙwaƙwalwa ta hau sama, barci ya ƙaurace, baki ya ƙi rufuwa, in ji babu abin da ya fi ƙarfina a duniya. Wani lokaci ta faɗo ƙasa, wanka ma ya zama aikin yini guda. Ya fara bayyana a 2019. A 2022 hawan ya same ni da kuɗin rance a hannu, na zuba kaji 1,500 a ɗakin da bai wuce na 400 ba. Kafin mako huɗu cutar Gumboro ta share fiye da rabi, ni kuma ina kwance a asibiti ban ma san an yi ba. Har yau ina biyan wannan bashin, kuma aikin koyarwar da nake yi a lokacin ya tafi tare da kajin.

Shi ya sa littafin nan yake da layi biyu a kowane shafi. Na dama na kaji ne: abinci, rigakafi, mace-mace, nauyi. Na hagu nawa ne: awa nawa na yi barci, na sha magani ko ban sha ba. Mun yi yarjejeniya a gaban mahaifiyata Hajiya, har da sa hannu. Katin bankin kiwon yana cikin adakarta. Babu maganar kuɗi bayan sallar isha'i. Duk wata sabuwar dabara da ta zo mini sai ta kwana uku a takarda kafin a taɓa ko sisi. In kuma barcina ya gaza awa shida dare biyu a jere, maiɗakina za ta kira likita ba tare da ta nemi izinina ba. Wannan na ƙarshen ni na kawo shi da bakina, ina cikin hankalina, don na san ranar da za a buƙace shi ba zan yarda ba.

Barcin jiya: awa 7 da rabi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mun wanke ɗakin ni da ƙanena Auta, mun fesa magani, mun zuba ɓuntun shinkafa, mun kewaye tagogi da tamfol saboda sauran hunturu. Kaskon gawayi biyu. Sitata, wato abincin 'yan tsaki, buhu biyar. Buhu ɗaya yanzu ya haura naira dubu 20, abin da a 2022 bai kai rabin haka ba. Barci: awa 8.

Talata, 11 ga Fabrairu

Sun iso da hantsi daga Ibadan, kwali biyu, kowanne 51 da gyara, 102 ke nan. Sun kwana a mota, don haka ruwan gulukos muka fara ba su, abinci sai bayan awa biyu. Zafin ɗakin ya tsaya wajen digiri 33. Amma ni na fi yarda da ido: in sun cure a jikin kasko sanyi suke ji, in sun watse bakin bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu ko'ina suna tsattsaga to lafiya lau.

Ga inda gizo yake saƙar. Ɗan tsako a makonsa na farko jariri ne, sai an tashi masa cikin dare sau biyu ko uku a ƙara gawayi, a duba ruwa. Ni kuma abin da ya fi saurin tayar mini da ciwo shi ne rashin barci. Dare uku na farkawa zai iya rushe ginin shekara biyu. Saboda haka dare na Auta ne, rana tawa ce, ladansa kaji biyu da kuɗin data.

Ƙarfe goma ya leƙo ya ce, "Yaya, je ka kwanta mana, ai mun gama magana." Na shiga ɗaki ina jin haushi. Kiwona ne, kuɗina ne, ƙanen da na goya ne yake kora ta ɗaki. Na kwanta ina jin kukansu ta bango, tsiyau-tsiyau, har maganin ya ɗauke ni.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Uku sun mutu, saura 99. Likitan dabbobin unguwarmu ya ce wahalar hanya ce, kuma uku cikin ɗari a makon farko ba abin tashin hankali ba ne.

Kaina bai yarda ba. Tun asuba muryar nan ta taso, wadda na sani kamar yunwar cikina: ka sake, kai dama ba ka taɓa riƙe komai ba, haka aka fara a 2022. A asibiti an koya mana mu rubuta irin wannan tunanin, mu tambaye shi hujja kamar a gaban alƙali. Na rubuta. Hujjarsa gawa uku. Hujjata 99 masu ci suna sha. Bai tafi ba, amma ya rage murya, na samu na tafi makaranta na koyar da darasina biyu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Jiya rigakafin Gumboro na farko. Mun janye musu ruwa awa ɗaya don su ji ƙishi, sannan muka ba su na rigakafin, aka shanye tas. Nauyin kwana bakwai: giram 170 a tsakaice. Ba laifi.

Yau ranar asibiti. Na isa kafin bakwai na samu lamba 38. Ba na ganin laifin kowa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, wasu kuma kullum ficewa waje suke yi. A kan benci na zauna kusa da wani dattijo da ya kawo ɗansa daga ƙauye, da tabon mari a idon sawun yaron. Na kau da kai. A 2019 Kawu ya dage a kai ni gidan mari, wai iska ce, wai sammu ne. A watan Satumban shekarar ne 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa. Hajiya ta ji a rediyo ta ce ɗanta ba ya zuwa ko'ina sai asibiti. Ruƙiyya an yi mini, a gida, ina kan magani, kuma ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai kiran irinmu mahaukata a rubuce. Sabuwar ta hana a nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda wannan ciwon. Na ji daɗinta, amma har yau shugaban makarantar da nake koyarwa bai san dalilin da ya sa nake karɓar hutun Laraba ɗaya duk bayan wata biyu ba. Doka tana Abuja, ni ina nan da yara uku.

An ɗebi jini. Litiyam nake sha, kuma shi sai ana aunawa, awa 12 bayan shan na dare, don tsakanin adadin da yake magani da wanda yake guba tazarar kaɗan ce. Nawa ya fito 0.7, likita ta ce daidai. Ƙoda da maƙoshi lafiya. Rawar hannun da maganin yake sa ni tana nan, ita ce ma ta sa Auta yake riƙe sirinji in za a auna maganin kaji. Hajiya har yau dariya take in na gaya mata wani nau'in gishiri ne, wani likita a Ostareliya mai suna John Cade ya gano amfaninsa a 1949. Ta ce, "Duk wannan kuɗin ashe gishiri muke saya?"

Sai maganar da nake gudu. Likita ta ce, "Malam, azumi saura kwana goma, kuma a zafi zai zo. Shawarata kada ka yi bana." Dalilinta biyu. In jiki ya rasa ruwa, litiyam yana taruwa a jini, a fara amai da gudawa da tangaɗi, har ya taɓa ƙoda. Na biyu tashin sahur da raya dare. Ta ce akwai marasa lafiyarta da suke yi lafiya lau, amma ni duka hawana biyu rashin barci ne ya buɗe musu ƙofa. Ta sake tuna mini kada in kuskura in sha diklofenak ko ibufurofen don ciwon jikin ɗaukar buhu, sai farasitamol.

Talata, 25 ga Fabrairu

Lasota ta farko, ita ma rigakafi ce. Ɗaya ya mutu, an danne shi a lungu, saura 98. Mun cire kasko ɗaya.

Na je wurin Malam bayan la'asar da maganar azumi, ina fatan ya ce in yi, in samu abin kafa hujja a gida. Ya saurare ni har na gama, ya karanto ayar Baƙara da ta yi wa mara lafiya da matafiyi rangwame, ya ce, "Wa ya gaya maka ciwon sai an gan shi a jiki? Likitar ta san aikinta?" Na ce ta sani. Ya ce to in sha, in lokacin sanyi ya zo likita ta amince in rama a hankali, in kuma ta ce babu ranar ramawa sai ciyarwa. Na dawo gida ba hujja.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi uku yau, an ɗauka ranar Asabar. Ina cin abincin rana a ɗakin ajiyar abincin kaji, a kan buhu, ƙofa a rufe, kamar ɓarawo. Babbar 'yata ta kama ni da kofi a baki. Shekararta tara, bana ta fara kai azumi har magariba. Ta ce, "Abba, kai ba ka yi?" Na ce likita ta hana ni saboda maganina. Ta ce, "Irin na Hajiya Babba mai suga?" Na ce irinsa. Ta tafi abinta.

Ni ne abin ya tsaya wa. Na kwanta a asibitin ƙwaƙwalwa sau biyu, yaran unguwa sun taɓa bi na suna kiran Dawanau, inda asibitin ƙwaƙwalwa na Kano yake, duk na haɗiye. Amma namiji mai ƙafa da hannu yana shan ruwa da rana tsaka a watan azumi, wannan kunyar ta fi mini nauyi, ban san dalili ba.

Gobe Gumboro ta biyu. Barci: awa 6 da rabi, hayaniyar sahur tana tashina.

Litinin, 10 ga Maris

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ko da ba ya yi mini daɗi.

Ranar Alhamis wani abokina ya ce akwai ɗakin kaji a hanyar Zariya da mai shi ya bari, yana ɗaukar dubu, haya kuma araha. Na ce zan yi tunani. Daren Juma'a barcina awa 5. Daren Asabar awa 3 da rabi, kuma na tashi garau, ba gajiya ko kaɗan, ina jin jikina kamar sabon inji. Na cika shafi tara da lissafi: dubu kafin babbar Sallah, dubu uku kafin Kirsimeti, injin haɗa abinci, shago a Sabon Gari, har sunan kamfani na zana. Na tura wa mutane saƙon murya a WhatsApp, ɗaya minti goma sha ɗaya. Kuma lissafin, wallahi, a idona babu kuskure a ciki. Abin da mutane ba sa ganewa ke nan. Hawan ba ya zuwa da kamar ciwo. Zuwa yake kamar lafiyar da ka daɗe kana roƙon Allah ya ba ka.

Maiɗakina ta same ni ƙarfe biyun dare ina goge kaya na fesa turare. Ta ce, "Malam, dare biyu ke nan." Na ce wane dare biyu. Ta ɗauko wannan littafin ta buɗe layin hagu, da rubutun hannuna. Na ce mata ita ce ba ta son ci gabana, ta fi so in dawwama a kaji ɗari kamar almajiri, da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ba ta tanka ba. Da gari ya waye na je wurin Hajiya neman kati. Ta ce, "Kwana uku muka ce ko? To yau ɗaya." Ta juya ta ci gaba da jan carbinta.

Maiɗakina ta kira asibiti. Yau da safe muka je tare, ban yi mata magana a Keke ba har muka isa. Likita ta ƙara mini wani magani, olanzafin, kaɗan da dare na ɗan lokaci, ta ce in ajiye waya daga magariba, in bar shayi da goro, in dawo bayan mako guda. Ta ce an tare shi a bakin ƙofa.

Kajin ba su san ana yi ba. Auta ya riƙe su dare da rana.

Asabar, 15 ga Maris

Barci awa 10, awa 11, awa 9. Jiki kamar an jiƙa katifa. Yunwa kuma ba a magana, ni da ba na azumi na fi masu azumi ci.

Lasota ta biyu ta makara da kwana biyu saboda wannan rikicin, an ba su ranar Alhamis. Mun koma finisha, abincin manyan kaji. Nauyi a kwana 32: kilo 1.6.

Na sake karanta shafuka taran nan. Na manta kuɗin abinci na mako biyun ƙarshe gaba ɗaya, wato fiye da sulusin abin da za su ci. Na lissafa cewa ko ɗaya ba za ta mutu ba, a Afrilu, a Kano. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, ni kuwa macijin na gani na ce igiya ce. Ban yage su ba, na manna su a bayan littafin.

Na ba maiɗakina haƙuri. Ta ce ta yafe tun a daren, amma maganar almajirin ta yi mata ciwo, kuma ba za ta ce ba ta yi ba. Gaskiyarta. Ciwo ne ya sa na faɗa, amma bakina ne ya faɗa, ita kuma kunnenta ne ya ji.

Laraba, 19 ga Maris

Biyar a yini ɗaya, manya-manya, tsakanin azahar da la'asar. Zafi ya kusa digiri 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Burola mai nauyi ba ta gumi, haki kawai take har zuciya ta gaza, kuma waɗanda suka fi girma su suke fara faɗuwa. Saura 93.

Mun yaye tamfol gaba ɗaya, mun shimfiɗa zana a kan kwano muna jiƙa ta. Abinci daga asuba zuwa ƙarfe tara, a janye, sai bayan la'asar sakaliya a mayar, don narkar da abinci shi ma zafi yake ƙara musu. Ƙanƙara a ruwan sha, ga shi a azumi ƙanƙara ta fi nama daraja, sai na bi layi da masu shirin buɗa-baki. Duk sanda na cika musu mazubi nakan sha kofi ɗaya ni ma, haka na mayar da shi ƙa'ida.

Abin da na lura: biyar sun mutu yau, ban ji muryar nan ta 14 ga Fabrairu ba. Baƙin ciki na ji, irin na kowa, na lissafa asarar na yi tsaki na ci tuwo. Ranar Litinin likita ta rage olanzafin zuwa rabi.

Asabar, 22 ga Maris

Goman ƙarshe. Lasifikan masallatai suna tashi ƙarfe ɗaya na dare, unguwa duk ta fita tahajjud, har Auta. Ni nakan yi nafilata bayan tarawihi in toshe kunne da auduga. Daren jiya na farka na ji limaminmu yana kuka a alƙunut, na zauna a bakin gado na kusa sa takalmi. Na yi addu'ata a zaune minti biyar na koma na kwanta. Barci: awa 7.

Asabar, 29 ga Maris

An ga wata, gobe Sallah. Tun Alhamis muke sayarwa a ƙofar gida, maiɗakina ta sa hoto a WhatsApp ɗinta, matan unguwa suka yi ta aike. Nauyi tsakanin kilo 2.3 da 2.8. Masu fiɗa biyu suna gefe da ruwan zafi. Zuwa isha'i 85 sun tafi. Biyu na Auta, biyu na Hajiya, huɗu na gida.

Wani maƙwabci da ya daina amsa sallamata sosai tun 2022 ya zo da kansa ya ɗaga kaza yana jinjinawa, ya ce, "Ashe dai an warke." Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ban tsaya yi masa bayanin cewa wannan ba a warkewa irin yadda yake nufi ba, akwai layi a bayansa. Ya nemi ragi, ban yi masa ba.

Wata dattijuwa kuma ta jira har mutane suka ragu, ta matso ta yi ƙasa da murya. 'Yarta tun da ta haihu wata biyu ke nan ba ta magana, ba ta shayarwa sai an tilasta, an yi rubutu an yi hayaƙi. Ta ce ta ji an ce ni na san hanya. Na rubuta mata ranar da ake ganin sababbin marasa lafiya, na ce su je da sassafe, kada kuma a bar yarinyar ita kaɗai da jaririn kafin nan. Ta ƙulle takardar a bakin mayafi. Kaza ba ta saya ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Lissafi, da rana, a gaban Hajiya. Abinci buhu 18. Mace-mace 9 cikin 102. Bayan an cire 'yan tsaki, abinci, rigakafi, gawayi, ƙanƙara da ladan Auta, abin da ya rage ya isa maganina na wata biyu da gwajin jini na gaba, da ɗan abin da na kai wa mai bashin 2022. Ya ƙirga ya ce saura da yawa. Na ce na sani.

Layin hagu: kwana 68, ban tsallake magani ko sau ɗaya ba, dare uku ne barci ya gaza awa shida. An tsayar da olanzafin ranar Laraba. Na ƙara kilo uku.

Mun kwashe ɓuntun, wani mai lambu ya saya buhu goma sha ɗaya. An wanke ɗakin, zai huta. Afrilu ba watan burola ba ne a nan, kuma babbar Sallah ta rago ce, don haka zubi na biyu sai ruwa ya sauka. Na kawo shawarar 150. Yau kwananta ɗaya a takarda.

Matsalar da ba mu warware ba ita ce dare. Auta zai koma makaranta a watan gobe. Maiɗakina ta ce za ta karɓa, na ce da goyo a bayanta ba zai yiwu ba. Akwai hita mai gas da ba ta buƙatar a tashi ƙara gawayi, zan je in ji kuɗinta ranar Litinin, da Auta, ba da kati ba. Asibiti kuma 16 ga wata.

Barcin jiya: awa 7.